Dakuwa: guzurin fatake da ya zama abin marmarin yara a Zangon Kumasi

 Ga abin da muka tattauna a filinmu na tarihi, mun buga shi saboda wanda shirin ya wuce shi yana kan hanya. Yau a kan dakuwa za mu yi magana. Dakuwa fa, ta ci, ba daƙuwar da ake yi da yatsu biyar ba, kada wani ya ce mun zage shi.

In ka taɓa sauke shanu ko albasa a Kumasi, ka san Aboabo da Asawase da Sawaba, unguwannin da tun 2012 suke ƙarƙashin gundumar Asokore Mampong. Tsaya a bakin titi lokacin da aka taso yara daga makaranta, za ka ga an yi wa mai talla zobe, ana miƙa mata 'yan canji tana miƙo wasu ƙananan dunƙule masu launin ƙasa. Mutanen Asante suna ce musu adakwa, Yarbawa su ce donkwa. Kai da ka ji ka san daga inda sunan ya fito: daga "daka" ne, aikin turmi da taɓarya. To yaya aka yi abin da aka raɗa wa suna a ƙasar Hausa ya samu gindin zama a tsakiyar kurmi?

Amsar tana kan hanyar Gwanja. Shekaru aru-aru fatake suna tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata da gabu, su ƙetare Kwara, su bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi, su sauka Salaga su sayo goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba, uban dawaki yana lura da lissafi da biyan fito. Ba ƙaramin taro ba ne: a 1826 wani Bature ɗan Scotland mai suna Clapperton ya gamu da ayarin Hausawa a Kayama suna dawowa daga Gwanja, mutum sama da dubu, maza da mata.

Tafiya ce ta watanni, kuma kai makiyayi ba sai an gaya maka ba, ba kowane zango ake samun hura wuta ba. Wani lokaci ruwa ya jiƙa itace, wani lokaci tsoron 'yan fashi ya hana a tayar da hayaƙi. Saboda haka guzurin kirki sai ya cika sharaɗi uku: kada ya yi nauyi, kada ya lalace da wuri, kuma a iya cinsa ana tafe. Kilishi da ƙuli-ƙuli da garin fura duk sun cika su, haka ma dakuwa. Mata su soya aya a kasko, su daka ta da gyaɗa har man gyaɗar ya fito ya kama garin, sai a mulmula. Ba ruwa a cikinta, shi ya sa take jure hanya. Ba a kai ta tanda, ba a tsoma ta cikin mai. Yaron da ke bin jaki in ya fara ƙorafin yunwa, dunƙule biyu da kurɓin ruwa sun riƙe shi zuwa la'asar.

Kayan haɗin nan kowanne da nasa tarihin. Aya ce babbarsu. A wani kabari a Masar, na wani waziri mai suna Rekhmire wanda ya rayu fiye da shekara 3,400 da suka wuce, akwai zane a bango na ma'aikata suna daka aya ana haɗa ta da zuma. Har gobe jihar Maraɗi ce kan gaba wajen noman aya a Nijar, ana ma fitar da ita zuwa Sifen, inda suke yin irin kunun ayarsu. A Gana kuma ana noma ta a tsaunukan Kwahu, suna ce mata atadwe. Gyaɗa da masara da barkono kuwa baƙi ne, daga Amurka jiragen Turawan Fotugal suka kawo su bayan shekarar 1500. Dabino daga arewa yake gangarowa, daga Bilma da Fashi da Jado, a bayan raƙuman ayarin gishiri. Abzinawa ma suna da nasu guzurin na gero da dabino da cuku da ake dakawa wuri guda, in an sauka a dama da ruwa. Ka ga kenan dunƙule ɗaya ya haɗa hamada da kurmi da ƙetaren teku.

Yanzu yadda ta shigo Kumasi. A da, galibin fatake a Salaga suke tsayawa, domin sarakunan Asante su ke riƙe da hanyar goro daga nan zuwa kudu. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, ƙarfin Asante a kan Salaga ya karye, goro ya rage zuwa can. A 1892 kuma yaƙin basasa ya watsa garin. 'Yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kintampo da Atebubu da Yeji da Karachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, mutumin Kano, wanda ya zauna a Karachi har ya rasu a 1934. Da Turawa suka kama Sarki Prempeh a 1896, aka kuma gama yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, sai ƙofar Kumasi ta buɗe wa mutanen arewa. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, goro ya koma bin teku zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara bin wannan sabuwar hanya kafin ya koma Kano ya shiga harkar gyaɗa.

Zango, da can wurin kwana ɗaya ko biyu ne, sai ya zama unguwa, aka yi aure aka haihu. Guzurin hanya ya koma sana'ar matan cikin gida: uwa tana daka a tsakar gida, 'yarta tana kai talla, da ribar ake tara kayan ɗaki. A kurmi masara ta fi aya sauƙin samu, don haka dakuwar Kumasi ta fi karkata ga soyayyar masara da gyaɗa da citta da barkono, ga ta da yaji mai sa hawaye. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice, gidaje da yawa na zango suka watse, wasu suka koma garuruwan da ba su taɓa gani ba. Dakuwa dai ba ta tafi ba, don a lokacin ta riga ta shiga bakin 'ya'yan Asante.

Me ya sa muka ɗauko wannan zance? Saboda yau biskit da alewar leda sun cika aljihun yaranmu, daga Aboabo har ruga. Kuɗin da uwa ta samu a nono yana ƙarewa a kan sukari da kala, yaro ya ci, ba a jima ba ya dawo da yunwarsa. Alhali su kansu likitoci sun dawo kan dabarar kakanninmu. A 1996 aka ƙirƙiro wani abincin maganin tamowa a Faransa mai suna Plumpy'Nut, gyaɗa ce da sukari da mai da garin madara da sinadaran ƙarin lafiya, ba ruwa, ba dahuwa. A yunwar 2005 an ceci dubban yara da shi a Maraɗi. Amma a kula, dakuwa ba magani ba ce. Yaron da ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba.

Ke uwargida, in za ki yi wa yaranki, ga yadda za ki rage sukari. Ki sami soyayyar aya gwangwani biyu, soyayyar gyaɗa gwangwani ɗaya, dabino cikin tafi biyu ki cire ƙwallayen. Ki fara daka ayar ki tankaɗe, ki zuba gyaɗa da dabino da 'yar citta da ɗan gishiri, ki ci gaba da daka har ki ga ya kama jikinsa yana naso. Ki wanke hannu ki busar kafin ki mulmula, domin ɗigon ruwa shi ke kawo fumfuna. Ki tsince gyaɗa da kyau, duk wadda ta yi baƙi ko ta yi ɗaci ki zubar, gubarta tana lalata hanta kuma suya ba ta kashe ta. Jaririn da bai cika shekara ba kada a sa masa zuma, ɗan ƙarami kuma a marmasa masa kada ta shaƙe shi.

Kai kuma mai babbar mota ko mai bin shanu, in an tsare ka kwana biyu a kan iyaka, za ka gane abin da ya sa madugai ba sa tashi sai mata sun gama daka. Wanda ya san yadda ake yin ta a garinsu, da magarya ko garin kuka ko goruba, ya aiko mana mu karanta wa jama'a a shiri na gaba. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya raya mana zuri'a.