Kula da zuga-zugin maƙeri

A ƙauyukan Isawan, da sauran garuruwan ƙasar Mayahi da Tasawa a jihar Maradi, aikin maƙeri yakan yi yawa a watan Mayu da Yuni, lokacin da manoma ke kawo hauya da gatari da garmar shanu domin gyara. Wasu maƙera sun koma ga fanka da ake juyawa da ƙafar keke, amma da yawa suna nan da zuga-zuginsu na fata. Idan iska tana sacewa daga cikinsa, wuta ba ta ruruwa, ƙarfe ba ya yin ja sosai, gawayi kuma ya ƙare a banza. Ga shi kuwa icen ƙirya, wanda maƙera suka fi son gawayinsa, ya yi ƙaranci.

Yadda aka yi shi

Zuga-zugi salka biyu ne na fatar akuya da aka jeme da bagaruwa. Fatar jar akuyar Maradi ta yi suna wajen laushi da ƙarko. Ana ɗaure wuyan kowace salka a jikin bututu, bututun kuma ya nufi wani na yumɓu da ke shiga cikin wuta. Mai zuga yakan buɗe baki idan ya ɗaga, ya rufe idan ya danna.

Gano inda iska ke sacewa

Wurare 3 ne aka fi samun matsala: maɗaurin bututu, da layin ɗinki, da inda fata ke yawan lanƙwashewa.

1. A toshe bakin bututu da tsumma.
2. A cika salka da iska, a rufe baki, a danna a hankali. Idan ta lotsa da sauri, akwai kafa.
3. A jiƙa bayan hannu, a bi jikin fata da shi. Inda aka ji sanyi, nan iska ke fita.

Gyara

Idan maɗauri ya saki, a sake ɗaure shi da sabon tsirkiya. Idan huda ce, a kai wa baduku ya ɗora guntuwar fata mai laushi, ya ɗinke da ƙanana ƙananan ɗinki. Kada a manna roba mai tauri, domin takan tsaga fatar da ke gefenta.

Rigakafi

Iskar hunturu tana busar da fata har ta tsattsage, saboda haka a riƙa shafa mata man shanu kaɗan. Da damina a rataye zuga-zugi a inuwa, nesa da laima da gara da ɓera. A bar ɗan rata tsakanin bututu da na yumɓu, don kada salka ta zuƙo garwashi ta ƙone.

Wanda ya duba zuga-zuginsa tun watan Afrilu, ba zai tsayar da manomi a bakin maƙera ranar shuka ba.