Kazuri: Daga Rumfar Bayan Gida Zuwa Masana'antar Duwatsun Wuya

A kudu maso yammacin birnin Nairobi akwai unguwar masu hannu da shuni da ake kira Karen. Dā can wurin gonar gahawa ce ta Karen Blixen, 'yar ƙasar Denmak, wadda ta zo Kenya a 1914, noman ya karye mata, ta tattara ta koma gida a 1931. Bayan tafiyarta aka yanka gonar fuloti-fuloti. A wani yanki na wannan tsohuwar gona Kazuri take, inda mata ke mulmula yumɓu da hannu suna mai da shi duwatsun wuya, 'yan kunne da abin hannu, a sayar a wani kanti da ke jikin ma'aikatar.

Wadda ta kafa ta, Susan Wood, ba 'yar kasuwa ba ce, ba kuma maginiyar tukwane ba. An haife ta a 1918 a Kwango, lokacin ƙasar tana hannun Beljiyam, iyayenta Turawan mishan ne daga Ingila. Ta koyi aikin jinya, ta auri likitan fiɗa Michael Wood, suka taso Kenya a 1947. Mijin ne ya fara yin suna: a 1957 shi da wasu likitoci biyu, Archibald McIndoe da Tom Rees, suka kafa ƙungiyar likitocin da ke kai ɗauki ƙauyuka da ƙananan jiragen sama, wadda ta zama AMREF. Iyalin sun daɗe suna noma a Ol Molog, a gindin dutsen Kilimanjaro, sai a shekarun 1970, bayan gwamnatin Tanzaniya ta shiga karɓe manyan gonakin yankin, suka dawo Nairobi. A 1975, tana da shekara 57, lokacin da tsararrakinta ke neman kujerar hutawa, ta share wata rumfa a bayan gidanta, ta ɗauki mata biyu, suka fara gwada yin tsakiya da yumɓu.

Sai an dubi Nairobin wancan zamani kafin a gane dalili. A ƙarƙashin mulkin mallaka baƙar fata ba ya shiga birnin yadda ya ga dama, sai da takarda. Da aka sami 'yanci a 1963 ƙofa ta buɗe, mutanen karkara suka kwararo. Ƙidayar 1969 ta sami mutum rabin miliyan da ɗoriya a birnin, ta 1979 kuwa ta haura dubu 800. A cikin wannan tururuwa akwai mata masu yawa da ke riƙe da 'ya'ya su kaɗai: zawarawa, waɗanda maza suka gudu suka bari, da waɗanda ba a ma taɓa ɗaura musu aure ba. Galibinsu ba su yi nisa a makaranta ba, don haka ofis ba ya ɗaukarsu. Abin da ya rage sai aikatau, tallar kayan miya, ko dafa haramtacciyar barasa a lungunan Mathare da Kibera. Da labari ya bazu cewa akwai gidan da ake biyan mace kuɗin mulmula laka, masu neman aiki suka fi ƙarfin rumfar.

Zaɓen yumɓu dabara ce, ko da gangan aka yi ta ko dace aka yi. Yana da araha. Ba ya bukatar karatu ko injin mai tsada. Mace za ta iya koyon mulmula cikin ɗan lokaci, ta ci gaba da gogewa tana karɓar albashinta. Abin da aka yi kuma ƙarami ne, baƙo zai cusa sarƙa biyar a aljihun jakarsa ya hau jirgi, abin da ba zai iya yi da tulu ko kujera ba. Akwai kuma wani juyi da ba kasafai ake lura da shi ba. Ƙananan duwatsun nan masu launi da aka san Masai da su, na gilashi ne, kuma shigo da su ake yi. Shekara da shekaru fatake ke kawo irinsu daga Turai, musamman Benis da ƙasar Cek. Afirka ta Gabas ta saba sayen tsakiya daga Turawa. Kazuri ta ɗebi ƙasar Kenya ta sayar musu.

Yumɓun daga yankin dutsen Kenya ake kawo shi. A jiƙa shi, a gauraya da garin wasu duwatsu da ke ƙara masa ƙarfi, a tace tsakuwa da ƙazanta, a matse ruwan, a cuɗa har iska ta fita sarai, domin ɗan kumfan iska ɗaya da ya maƙale a ciki ya isa ya fasa tsakiya a wuta. Daga nan ya shiga hannun masu mulmula. Suna zaune layi-layi a dogayen tebura, kowace da curinta a gaba. Ta gutsuri kaɗan, ta murza a tafin hannu, ta danna da babban yatsa idan mai faɗi ake so, ta soka tsinke ta huda tun yana ɗanye, ta ajiye a faranti, hannunta ya riga ya koma kan curin. Ba ta kallon abin da take yi, hira take da maƙwabciyarta, amma in ka jera goman da ta yi sai ka rantse awo aka yi musu. Sai ka ƙura ido za ka ga wannan ta ɗan fi kauri, waccan hujinta ya ɗan karkata.

A shanya duwatsun su bushe, sannan a jera a tanderun lantarki a gasa na tsawon sa'o'i da zafin da ya haura digiri 1,000. In sun huce sai su koma ɗakin masu zane, kuma a nan idon baƙo ke yaudararsa. Ruwan launin da ake shafawa ba shi da wani armashi kafin ya ga wuta, dishi-dishi yake kamar an shafa toka. Mai zanen tana ɗiga ɗigo, tana jan layi da ɗan siririn buroshi, tana aiki da launin da ba ta gani sai a cikin kanta. Sai an zura duwatsun a waya, kowace nesa da 'yar'uwarta don kada su manne, an sake mai da su wuta, sannan ja ya fito ja, shuɗi ya fito shuɗi, da ƙyallin da ba ya goguwa. Wadda ta tsage ko launinta ya zube a ware ta. Saura su je wurin masu shiryawa, su haɗa kala da kala, su zura a zare, su sa maƙalli. Kafin sarƙa ɗaya ta rataya a kanti ta bi ta hannun mata da yawa, ta shiga wuta sau biyu.

Duk mai masana'anta da ya ga wannan zai ce ɓata lokaci ne, inji zai fitar da dubbai kafin azahar. Gaskiya ne, amma ba don a rage hannu aka kafa wurin ba, don a ƙara aka kafa shi. Jinkirin nan shi ne aikin yi. Abin da ya raba Kazuri da ɗimbin shirye-shiryen "taimakon mata" da suka mutu ranar da mai ba da tallafi ya janye shi ne, ba a jingina ta da tausayin mai saye ba. Tausayi sau ɗaya yake sa mutum ya zaro kuɗi. Matar da ta dawo ta sayi sarƙa ta biyu, don ta farkon ta yi mata kyau a wuya ne, ba ta kuma koɗe ba.

Sa'a ma ta taimaka. A 1985 aka fitar da fim ɗin Out of Africa a kan rayuwar Karen Blixen, ya kwashi kyaututtuka, a shekarar da ta biyo baya kuma aka buɗe tsohon gidanta a matsayin gidan tarihi. Motocin 'yan yawon buɗe ido suka fara cika unguwar, ga wurin kallon raƙuman dawa nan kusa, ga Kazuri a kan hanya. Zuwa 1988 rumfa ta zama cikakkiyar masana'anta mai ma'aikata wajen 120. Tsarin da aka yi wa baƙi shi kansa ciniki ne: a fara zagayawa da mutum ɗakunan aiki, ya ga laka, ya ji hucin tanderu, ya gaisa da masu zane, sannan a ƙarshe ya faɗa kanti. Wanda ya ga wahalar da tsakiya ɗaya ta sha ba ya cika yin ƙorafin tsada. Daga baya aka ƙara da ginin kofuna, faranta da kwanoni, aka kuma buɗe ƙananan shaguna a manyan kantunan Nairobi.

A 2001, tsufa ya kama Susan Wood, aka sayar da kamfanin ga wasu ma'aurata, Mark da Regina Newman, waɗanda suka ci gaba a kan manufarsa. Ta rasu a 2006. A hannun sababbin masu shi ma'aikata suka haura 300, akasarinsu iyaye mata masu riƙon gida su kaɗai. A lokacin akwai ɗakin shan magani a harabar da ke duba ma'aikata da iyalansu kyauta, kamfanin ya shiga ƙungiyar duniya ta masu cinikin adalci, kayansa kuma suka isa ƙananan shagunan kayan ado a Amurka, Ingila da sauran ƙasashen Turai.

Wurare biyu ne labarin ke ɗingishi. Na farko, kantin da ke rayuwa da baƙi yana tari duk lokacin da ƙasa ta yi mura. Harin ofishin jakadancin Amurka a 1998, rikicin bayan zaɓen 2007, harin kantin Westgate a 2013, da annobar korona a 2020, kowanne ya kori matafiya daga Kenya na wani lokaci, kuma duk sana'ar da ke jiran motar baƙi ta ji a jikinta. Fitar da kaya waje ne ke rage zafin, shi ma dai aljihun Turawan ne. Na biyu, duk inda aka ba da tarihin nan da sunan Susan Wood ake farawa, waɗanda suka zauna da ita a rumfar kuwa sai a ce "mata biyu" a wuce. Da lokacin sauya hannu ya zo, kamfanin ya tashi daga mai shi zuwa wani mai shi, bai koma hannun masu mulmula ba. Wannan bai rage darajar albashin da ya biya kuɗin makarantar yara masu yawa ba, amma samun aiki daban, mallakar wurin aiki daban.

Duk wanda tafiya ta kai shi Nairobi yana son ganin wurin, ya je ranar aiki da hantsi, lokacin da tebura ke cike da mata, kuma ya fara da ɗakin yumɓu kafin ya shiga kanti.