Tunawa da marigayi Adamu Halilu, daraktan da ya mayar da littafin Shaihu Umar fim

Marigayi Alhaji Adamu Halilu na daga cikin 'yan Arewa na farko da suka koyi aikin shirya fim a matsayin sana'a. Shi ne ya ba da umarni a fim ɗin Shaihu Umar na shekarar 1976, wanda ake lissafawa cikin manyan finafinan farko da aka shirya da harshen Hausa tun daga farko har ƙarshe.

Asalinsa da farkon aikinsa

An haifi Adamu Halilu a shekarar 1936 a garin Garkiɗa da ke Jihar Adamawa ta yanzu. Ya samu horo kan aikin fim a Ingila, sannan ya yi aiki da sashen shirya finafinai na gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna.

A wancan zamani, akasarin talakawa ta hanyar majigi suke ganin fim. Motar gwamnati kan shiga gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin kasuwa, a nuna wa jama'a finafinan wayar da kai kan noma, tsafta da kiwon lafiya. Irin waɗannan finafinai ne Halilu ya fara shiryawa, kuma daga cikinsu akwai Mama Learns a Lesson na shekarar 1963.

Fim ɗin Shaihu Umar

Tushen fim ɗin shi ne littafin da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta sakamakon gasar rubutun ƙagaggun labarai da aka shirya a Zariya a 1933, tun yana malamin makaranta, shekaru da dama kafin ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da littafin wasan kwaikwayo. Umaru Ladan ɗin ne kuma ya fito a matsayin Shaihu Umar a cikin fim ɗin.

Labarin ya faru ne a ƙarshen ƙarni na 19. Wani mashahurin malami ne yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa: an haife shi a Kagara, wajen ƙasar Bida, aka sace shi yana yaro, ya faɗa cikin bauta, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗansa, ya ƙetara hamada da shi, ya ba shi ilimi. Mahaifiyarsa kuwa ta bi sawunsa tana cigiya, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi.

An ɗauki fim ɗin, mai tsawon fiye da sa'o'i 2, da kuɗin Gwamnatin Tarayya, aka kuma nuna shi a bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, da aka gudanar a Legas a farkon 1977. Wannan ya zo ne shekaru 13 kafin fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin bidiyo da ake ɗauka a matsayin mafarin masana'antar Kannywood.

Sauran ayyukansa

Bayan Shaihu Umar, Halilu ya shirya fim kan Muhammadu Kanta, jarumin da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, da kuma Moment of Truth a 1981. Ya kuma shugabanci Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, a shekarunta na farko. Ya rasu a shekarar 2001.

Ɓacewar fim ɗin da dawowarsa

Shekaru masu yawa bayan FESTAC, an ɗauka cewa Shaihu Umar ya ɓata. Dalili kuwa shi ne, zaren fim irin na da ba ya jure zafi da laima. Idan aka bar shi cikin gwangwani ba tare da sanyi ba, yakan fara warin tsami, ya motse, launinsa ya dushe, har ya kai ga ba ya gyaruwa.

A 2016 aka gano faifan fim ɗin a ma'ajiyar Hukumar Finafinai. Cibiyar Arsenal da ke birnin Berlin na ƙasar Jamus ta gyara shi, ta mayar da shi tsarin kwamfuta, aka kuma sake nuna shi a bikin finafinai na Berlin a watan Fabrairun 2018, shekaru 17 bayan rasuwar daraktan.

Wannan al'amari ya shafi fiye da fim guda. Finafinan majigi da wasannin kwaikwayo na talabijin da aka shirya a Arewa a shekarun 1960 zuwa 1980 suna ɗauke da Hausar mutanen wancan lokaci, da suturarsu, da fasalin garuruwansu. Duk faifan da ya lalace kafin a kwafe shi, ya tafi ke nan da abin da ke cikinsa. Shaihu Umar ya tsira ne saboda an kai gare shi kafin lokaci ya ƙure.