Ciwon Zuciyar Mayaƙi: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo Bayan Tsuntsuwa

Jama'a, mun saba ɗaukar waƙar yaƙi tamkar kirari ce kawai, ta yabon barade da zambon abokan gaba. To, amma wanda ya nazarci Tazyinul Waraƙati, littafin da Malam Abdullahi ya tattara waƙoƙinsa na Larabci a 1813, zamanin zamansa a Boɗinga kusa da Dingyadi, zai ji wata murya dabam.

Shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci nasara a Tabkin Kwatto a 1804. Kafin shekarar ta fita, aka kashe mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 a Tsuntsuwa. 1805 kuma ga Alwasa. Daga nan waƙarsa ta karkata ga begen abokan da suka kwanta dama, da ƙyamar masu neman duniya da suka maye gurbinsu. A 1807 ya sulale daga runduna, ya fuskanci gabas da nufin Makka da Madina, har sai da mutanen Kano suka tsai da shi.

Masana tarihi sukan kira wannan saɓanin siyasa. A ganina sun taƙaita. Mutum ne wanda ya binne abokan karatunsa, ya duba sansani bai ga na gida ba.