Kankare harshe: wurin da buroshi ke tsallakewa wajen maganin warin baki

Warin baki matsala ce da mai ita ne na ƙarshen sani. Hanci yana sabawa da warin mai shi, mutane kuma suna jin nauyin faɗa. Sai dai ka ga kwastoma yana ɗan ja da baya in kana masa magana, ko wanda kuke kujera ɗaya a danfo ya mai da fuskarsa taga. Da yawa in sun gane sai su ce ai daga ciki ne, a shiga neman maganin olsa. Alhali likitocin haƙori sun nuna cewa a cikin mutum 10 masu wannan matsala, kusan 8 zuwa 9 daga cikin baki take tasowa, kuma babban mazauninta shi ne bayan harshe, can kusa da maƙogwaro.

Saman harshe ba sumul yake ba. Cike yake da ƙananan tsiro kamar na tawul, kuma a tsakaninsu ɓurɓushin abinci da matattun ƙwayoyin fatar baki da majinar da ke gangarowa daga hanci suke maƙalewa. Nan bakteriya marasa son iska ke samun mafaka, suna cin wannan datti, suna fitar da iskar gas mai sinadarin salfa, wadda ɗaya daga cikinta ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan farin ko rawayan abu da kake gani in ka zaro harshe gaban madubi, shi ne. Gaban harshe yana goguwa da ganɗa da haƙora in ana magana ko tauna, shi ya sa yake da ɗan tsabta. Bayan kuwa babu mai taɓa shi.

In kana so ka gwada kanka, ɗauki cokali mai tsabta ka kankaro bayan harshen, ka bar shi ya ɗan bushe, ka sunsuna. Abin da ka ji, kusan shi mutane ke ji.

Kankarewar ba wuya. Akwai abin kankare harshe na roba ko na ƙarfe a kemis da manyan shaguna. In babu, cokali a kife yana yi, haka ma buroshi mai laushi. Ka zaro harshe sosai, ka ɗora abin daga can baya iya inda za ka jure, ka jawo shi gaba a hankali, ka ɗauraye, ka sake, sau 3 ko 4. Kwanakin farko za ka ji yunƙurin amai, wannan ba komai ba ne: fara daga tsakiya, kullum kana ƙara matsawa baya, kuma ka yi kafin ka karya. Kada ka danna har ya yi zafi ko jini, kuma don Allah a bar reza da wuƙa. Masu asuwaki, wanda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira pako, su sani yana gyara haƙori da kyau, amma da wuya ya kai bayan harshe.

Amfanin na awanni ne kawai, domin dattin yana sake taruwa. Don haka aikin kullum ne, tare da goge haƙori safe da dare, ba a madadinsa ba.

Yawu shi ne ke wanke baki, shi ya sa wari ya fi ƙarfi da asuba da lokacin azumi. Mai yini a kasuwa ko kan babur, daga shayi sai goro, yana gudun shan ruwa saboda wahalar samun wurin fitsari a hanya, shi ma bakinsa a bushe yake yini. Sigari na ƙara busar da shi. Alawar minti tana rufe warin na ɗan lokaci ne, sukarinta kuma abinci ne ga bakteriya. Cingam marar sukari ya fi, don yana kawo yawu.

Akwai warin da kankarewa ba ta taɓa shi. Na tafarnuwa da ɗanyar albasa ta jini yake bi ya fito ta huhu, sai ya wuce da kansa. Haƙori mai rami, dasashi mai jini in ana goge baki, ciwon hanci da ya daɗe, duk suna kawo wari, haka ma ciwon suga da na ƙoda da na hanta in sun yi nisa. In ka yi mako biyu zuwa uku kana kankarewa babu canji, ko ka ga farin tabon da ya ƙi fita, ko gyambon baki da ya ƙi warkewa, to a ga likitan haƙori. Asibitocin koyarwa irin su LUTH a Idi-Araba da UCH a Ibadan suna da sashen haƙori, kuma ba sai haƙori ya fara ciwo ake zuwa ba.