Bindigar farko: Abubuwan da ya kamata sabon maharbi ya sani

Ƙarar bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Daura. 'Yan bindigar sarki na ɗura albarushi a hawan Sallah da na Gani, mafarauta kuma a garuruwa irin su Babban Mutum da ke ƙaramar hukumar Ɓaure, dab da iyakar Nijar, sun gaji bindigar toka tun kaka da kakanni. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu, maƙwabcin wannan yanki ta arewa, ya shahara da tara bindigogi, har da igwa da aka ƙera a Zinder.

Sai dai wasan harbin faifan yumɓu, wanda ake fafatawa a kansa a gasar Olamfik, bai yi suna a ƙasar Hausa ba. Ga mai sha'awar farawa, zaɓen bindigar farko na tattare da abubuwa biyu: abin da wasan ke buƙata, da abin da doka ta yarda da shi.

Mene ne wasan?

Asalinsa harbin tantabaru ne masu rai a Ingila. A shekarar 1880 wani Ba'amurke, George Ligowsky, ya ƙirƙiro faifan yumɓu da ya maye gurbinsu. Faɗin faifan milimita 110 ne, nauyinsa kimanin giram 105, na'ura ce kuma ke cilla shi sama da gudun da kan haura kilomita 100 a sa'a guda.

Iri biyu ake yi a Olamfik. A tiraf, wanda ya shiga gasar a Paris a 1900, faifan na tashi ne yana nisantar maharbi. A sikit, da aka shigar a 1968, faifan na giftawa ta gabansa daga ɗakuna biyu. Ƙasashen Larabawa sun taka rawa a fagen: Ahmed Al Maktoum na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ci zinare a Athens a 2004, Fehaid Al-Deehani ɗan Kuwait ma ya ci a Rio a 2016.

Wace bindiga ta dace?

Ana amfani ne da bindigar da ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma, irin wadda ake harbin tsuntsaye da ita. Akasarin 'yan wasa na riƙe mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, domin ido na bin layi guda, ana kuma iya harbi sau biyu ba tare da sake ɗuri ba. Kazalika idan aka karya ta a tsakiya, kowa na ganin babu harsashi a ciki.

Girman baki da aka fi amfani da shi shi ne lamba 12, mai faɗin kusan milimita 18.5. Lamba 20 ta fi ta ƙanƙanta da rashin nauyi, to amma bindiga marar nauyi ta fi naushin kafaɗa idan harsashin iri ɗaya ne. Dokokin gasar duniya sun taƙaita dalmar kowane harsashi zuwa giram 24. Tsawon bututun kan kama daga inci 28 zuwa 32.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne dacewa da jiki. Idan aka ɗora gindinta a kafaɗa, kunci ya kwanta a kai, wajibi ne ido ya faɗa daidai kan layin bututu. Bindiga mai tsada ta kamfanin Beretta ko Browning da ba ta dace da tsawon hannun mai ita ba, ba za ta hana shi kuskure ba. Shi ya sa masu horarwa kan so sabon shiga ya gwada bindigogi da dama a filin da aka amince da shi kafin ya saya, ya gano idon da ya fi rinjaye a ganinsa, ya kuma tanadi abin toshe kunne da tabarau.

Me doka ta ce?

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku.

Rukunin farko na haramtattun makamai ne, irin su bindigogin soja da bindigar hannu, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke ba da izininsu. Wanda aka kama da su ba izini na fuskantar ɗaurin da bai gaza shekaru 10 ba.

Na biyu shi ne bindigogin amfanin kai, da Sufeto-Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Mai baki ɗaya da mai baki biyu na nan ciki, amma dokar ta cire mai ɗura kanta da kuma mai famfo, wadda ake ja da hannu ta ɗora sabon harsashi. Irin wannan ce jami'an kwastan suka kama guda 661 a Legas a watan Janairun 2017.

Na uku shi ne bindigogin da ake ɗurawa ta baki, kamar bindigar toka, waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda kotu ta sama da laifin tayar da hankali a cikin shekaru biyar da suka gabata. Haka nan shigo da bindiga daga ƙetare na buƙatar izini, abin da ya shafi mazauna kan iyaka kai tsaye.

Tasirin matsalar tsaro

Hare-haren 'yan fashin daji sun sauya yadda ake kallon batun. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a da su mallaki makamai don kare kansu. Amma a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto-Janar na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, ya ce an dakatar da ba da lasisi saboda yawaitar makamai a hannun jama'a.

Don haka matakin farko ga mai niyya shi ne tuntuɓar hedkwatar 'yan sanda ta jiha domin jin matsayin lasisi, tun kafin ya taya bindiga.