Gandu da Gayya a Karkarar Arewacin Kano

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Dambatta, inda gona ke jingine da gona ba tare da daji a tsakani ba, manomi ya daɗe yana cikin tarayya iri biyu, kuma abin da ke riƙe shi a kowace daban ne. Gandu, wato noman uba da ’ya’yansa maza a gona ɗaya da rumbu ɗaya, haihuwa ce ke sa mutum a cikinsa. Uba ke biyan haraji a zamanin da ake karɓarsa, shi ke yi wa ɗa aure, ya kuma yanka masa gayauna, ’yar gonar da yake nomawa don kansa da yamma. Gayya kuwa gayyata ce, kuma abin da ke kawo saurayi ya wuce furar mai gona, domin akwai gangar noma da kirari, kuma wanda ya riga tsararsa fitar da kunya shi ake zance a dandali.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, sai ƙwadago ya fara cin kasuwar gayya, gandu kuma ya riƙa watsewa a gidajen da gonar gado ta kasa isar ’ya’ya.